Babi na Shida: Gilashin da Ƙashi Ya Riƙe

Duk wanda ya yi ƙuruciya yana yawo ba takalmi ya san abin da tsinin kwalba yake yi idan ya shiga tafin ƙafa ya karye a ciki. Kwana biyu wurin ya kumbura ya ɗauki zafi, wani lokaci ya yi ruwa ya tofar da abin da kansa. In kuwa bai fito ba, ciwon yakan lafa, fata ta rufe, amma bayan watanni in ka latsa sai ka ji wani ɗan ƙululu mai tauri yana zillo ƙarƙashin yatsa. Abin da kake taɓawa jaka ce da jiki ya saƙa, ya ɗaure kwalbar a ciki.

Masu wannan saƙa su ne ƙwayoyin jiki, waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda da su aka gina fata da tsoka da jini da ƙashi. Aikinsu yana da tsari. Kafin minti ɗaya ya cika, furotin na cikin jini ya lulluɓe baƙon abu, saboda haka babu ƙwayar da take ganin sa tsirara. Rigar furotin ɗin take karantawa. Fararen ƙwayoyin jini ne ke fara isowa kamar 'yan sintiri. Bayansu sai manyan macinya, waɗanda masana ke kira makurofaj, su ne masu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. Idan abin ya fi ƙarfin bakinsu sai su haɗe jiki su zama ƙatuwar ƙwaya guda, su manne masa, suna feso masa sinadarai masu ci. In hakan ma ya faskara, sai a kira masaƙa, wato ƙwayoyin da ke fitar da zaren kolajin, su kewaye shi da katanga. Abin da jiki ya kasa ci kuma ya kasa kora, ɗaure shi yake yi.

Wannan katanga ita ce ta daɗe tana ci wa likitocin ƙashi tuwo a ƙwarya. Har zuwa shekarun 1960, dabarar da ake bi ita ce a nemo abin da ya fi kowane shiru a cikin jiki, wanda ba ya tsatsa, ba ya narkewa, ba ya sakin komai: ƙarfe marar tsatsa da wasu nau'o'in roba. Dabara ce mai hankali, kuma ta ceci mutane da yawa. Sai dai shirun baƙo ba ya hana a yi masa katanga, yana sa ta yi siriri ne kawai. A cikin tsoka wannan da sauƙi. A cikin ƙashi kuwa, yana mai laushi tsakanin ƙarfe da ƙashi tamkar turke ne a cikin laka: yau ya tsaya, gobe ya fara girgiɗi. Ƙarfen titaniyam ya fi sauran dacewa, domin ƙashi yakan matso ya rungume shi, amma shi ma zama yake yi yadda aka sa shi, ba ya ba ƙwayoyin jiki komai.

A damina ta 1967, wani matashin malami daga Jami'ar Fulorida a Amurka mai suna Larry Hench ya shiga bas zuwa wani taron binciken kayan soja a Sagamore, cikin jihar Niyok. Shi ba likita ba ne. Masanin gilashi da tangaran ne, kuma a lokacin aikinsa shi ne ƙera gilashin da zai jure haskoki masu ƙarfi irin na nukiliya. Kusa da shi akwai wani kanar mai suna Klinker, wanda bai daɗe da dawowa daga yaƙin Biyatnam ba, inda ya yi aikin samar wa asibitocin soja kayan aiki. Kanar ya saurari bayanin Hench, sannan ya gaya masa abin da idonsa ya gani: likitoci suna ceto ran samari, amma suna yanke musu hannu da ƙafa, domin jiki ba ya karɓar ƙarfe da robar da ake sa musu. Ya tambaye shi, tunda ya iya yin abin da ke jure hasken nukiliya, me zai hana ya yi wanda zai jure jikin ɗan Adam?

Hench ya koma gida da wannan tambaya. Tunanin da ya yi mai sauƙi ne. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, wanda ake kira afatayit. Sauran mafi yawansa zaren kolajin ne da ruwa. Idan aka sami abin da zai iya fitar da irin wannan ma'adini a bayansa bayan ya shiga jiki, mai yiwuwa jiki ya ɗauke shi ɗan gida. Rundunar sojan Amurka ta ba shi kuɗin bincike, kuma a 1969 ya narka gilashinsa na farko: silika kashi 45 cikin 100, sinadarin sodiyam 24.5, na kalsiyam 24.5, na fosfaras 6. Silika ita ce sinadarin rairayi, uwar kowane gilashi. A gilashin taga da kwalba tana haura kashi 70, shi ya sa suke da taurin kai, su shekara ɗari a ƙasa ba su canza ba. Hench ya rage ta sosai, har ginin cikin gilashin ya zama sako-sako, ruwa na iya shigarsa. Sunan da ya ba shi 45S5, daga baya aka yi masa rajista da sunan Bioglass.

Wani likitan ƙashi a jami'ar, Ted Greenlee, ya dasa ƙananan guntayen gilashin a ƙashin cinyar ɓeraye. Bayan mako shida ya zo cire su don ya duba, suka ƙi fita. Ya tura, ya ja, har ƙashin ya tsage, guntayen na nan daram. An buga sakamakon a 1971. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan manyan dabbobi sun nuna cewa idan aka matsa har wani abu ya karye, ko dai ƙashin ne ke karyewa ko gilashin, mahaɗar tasu kuwa tana nan.

Me ya faru a cikin waɗannan makonni shida? Farkon labarin babu hannun ƙwaya ko ɗaya a ciki, tsakanin gilashi ne da ruwan jiki. Da ruwa ya taɓa shi, sodiyam da kalsiyam na saman gilashin sukan fara fita, haidurojin na cikin ruwa ya shiga gurbinsu. Wannan musaya tana juya ruwan da ke kewaye zuwa ɓangaren kanwa. Mace mai girki ta san abin da nake nufi: ɗan jiƙon kanwa ke kashe tsamin yakuwa, kuma ƙarfin kanwa daga sinadarin sodiyam yake, ɗan'uwan wanda ake zubawa a tukunyar narka gilashi. Ruwan da ya yi kanwa sai ya fara tsinka igiyoyin silika. Wata silikar ta narke ta bi ruwa, wadda ta rage ta sake haɗuwa ta zama wata shimfiɗa mai laushi mai ƙananan ramuka, kamar kamu da ya kwanta. A kan wannan shimfiɗa kalsiyam da fosfet suke taruwa, wasu daga cikin gilashin, wasu daga ruwan jiki, da farko a cakuɗe, sannan su daskare su zama ƙananan lu'ulu'u na afatayit mai ɗauke da kabonet. A kwanon gwaji duk wannan yana kammala cikin sa'o'i, ƙasa da kwana guda. Kuma afatayit ɗin da ya fito kusan irin na ƙashi ne sak, har da ƙanƙantar lu'ulu'unsa.

Saboda haka lokacin da ƙwayoyin jiki suka iso, abin da suka tarar ya sha bamban da tsinin kwalba. Furotin ya kwanta a kan ma'adinin da ya saba kwanciya a kansa. Macinya sun zo, domin babu raunin da ba sa zuwa, kuma ana bukatarsu su share wurin. Amma ba su daɗe cikin shirin faɗa ba, suka koma aikin gyara. Ƙwayoyin asali na cikin ɓargo, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suka sauka a kan shimfiɗar, suka baje, suka zama magina ƙashi. Magina suka zuba zaren kolajin, zaren ya cuɗe da lu'ulu'un da ke fitowa daga gilashin, ma'adini ya hau kansa ya taurare. Wasu maginan suka binne kansu a cikin ginin, kamar yadda suke yi a kowane ƙashi, suka zama masu tsaronsa daga ciki. Ba a bar wa masaƙa wurin kafa katanga ba. A 1981 June Wilson, abokiyar aikin Hench, ta nuna cewa wannan gilashi yana manne wa nama mai laushi ma, ba ƙashi kaɗai ba.

Ƙofar wannan karɓuwa ƙunci gare ta. Idan silika ta haura wajen kashi 60 a gilashin da aka narka, ya daina manne wa ƙashi, jiki ya yi masa jaka kamar kowace kwalba. Idan aka ƙara masa sinadarin alminiyam kashi 3 kacal, nan ma magana ta ƙare.

Shekaru kusan talatin ana ganin shimfiɗar afatayit ita ce dukan sirrin. Abin da ya girgiza wannan fahimta gwajin wani likita ne a Osaka ta Japan, Hironobu Oonishi, a ƙarshen shekarun 1990. Ya huda ramuka a ƙashin cinyar zomaye, wasu ya cika su da garin Bioglass, wasu da garin afatayit na masana'anta. In da shimfiɗar ce kaɗai ke aiki, afatayit ya kamata ya yi nasara, tunda shi ya zo da rigarsa a jiki, gilashi kuwa sai ya tsaya ya ɗinka tasa. Amma ramukan gilashi ne suka riga cika da sabon ƙashi, da tazarar makonni, kuma garin gilashin yana raguwa yayin da ƙashi ke ƙaruwa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da gilashin ke yi wanda ya wuce ba da wurin zama.

A Landan aka gano shi. Hench ya koma Kwalejin Imperial a 1996, inda ya haɗu da Farfesa Julia Polak, masaniyar cututtukan nama. Ɗalibinsu Ioannis Xynos ya yi wani gwaji wanda, a ganina, shi ne mafi kyau a duk tarihin wannan gilashi, saboda sauƙinsa. Ya samo magina ƙashi na mutane daga kan ƙashin cinya da ake cirewa lokacin tiyatar sauya gaɓar ƙugu. Ya jiƙa gilashin a ruwan da ake rainon ƙwayoyi, ya tace, ya ajiye gilashin gefe, ya ba ƙwayoyin jiƙon kaɗai. Ba su taɓa gilashi ba, ba su ga shimfiɗar afatayit ba. Duk da haka suka ƙara hayayyafa, kuma wani sinadarin girma da suke yi wa kansu, mai suna IGF-II, ya ƙaru kusan ninki uku. A 2001 suka duba ƙwayoyin gado sama da dubu ɗaya a cikin waɗannan magina, suka ga cikin sa'a 48 rukuni-rukuni sun farka: masu tura ƙwaya ta rabu biyu, masu yin sinadaran girma, masu yin abin mannewa a bayan ƙwaya, masu gina da gyara shimfiɗar da ƙashi ke hawa.

Ya kamata a tsaya a kan ma'anar wannan. Kusan kowace irin ƙwaya a jikinka tana ɗauke da littafin gado iri ɗaya, amma ba kowane shafi take buɗewa ba. Abin da ke kewaye da ita ne ke gaya mata shafin da za ta karanta. Maginin ƙashi yana da wata kafa a bayansa da ke jin yawan kalsiyam a ruwa. A jiki mai lafiya, kalsiyam yana yawaita ne a inda ƙwayoyi masu rushe tsohon ƙashi suka gama aiki, kuma wannan alama ce ga magina cewa ga fili an share, a zo a yi gini. Da haka ne ƙashin babban mutum yake sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na kansa kowace shekara. Gilashin da ke narkewa yana ba da irin wannan alama. Silikar da ta narke ma ba baƙuwa ba ce: tun 1970 Edith Carlisle ta Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas ta nuna cewa silikon yana taruwa a daidai inda sabon ƙashi ke fara taurara a ƙananan dabbobi, kuma a 1972 ta nuna cewa 'yan tsakin da aka hana shi ba sa girma yadda ya kamata. Ashe gilashin Hench da yaren gida yake magana, kuma bakinsa shi ne narkewarsa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙo haka yake: yana raguwa kullum, kuma abin da yake rasawa shi ne abin da ƙwayoyin suke ji. A 2002 Hench da Polak suka rubuta a mujallar Science cewa an shiga zamani na uku na kayan dashe, wanda manufarsa ita ce a sa jiki ya gyara kansa.

Sai dai zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Abin da ke tada ƙwaya da kaɗan yana kashe ta da yawa. Ruwan jiki yana zaune ne a ma'aunin tsami da kanwa na wajen 7.4, kuma ƙwaya ba ta jure nisa da wannan. Zuba garin gilashi mai laushi da yawa a ƙaramin kwanon gwaji, inda ruwa ba ya gudu, ma'aunin ya haura 8, washegari ka tarar da ƙwayoyin sun ƙanƙance sun saki ƙasan kwano. Wanda ya ga haka zai rantse gilashin guba ne. Sa wannan garin a cikin ƙashi mai rai, inda jini ke wucewa yana wanke wurin yana daidaita shi, sai ka ga gini. Shi ya sa masu bincike sukan fara jiƙa gilashin kafin su ɗora masa ƙwayoyi, ko su yi rainon a ruwa mai zagayawa. Girman garin ma magana ne, domin mai laushi yana sakin komai da sauri, mai tsakuwa yana saki a hankali. Ina jan hankalin ɗalibanmu na kimiyya a nan musamman: in kun karanta cewa wani abu ya kashe ko ya raya ƙwayoyi a kwano, ku tambayi nawa aka zuba, a cikin ruwa nawa, kuma ruwan yana gudu ko yana tsaye.

Wannan ƙa'ida ta sake bayyana a sha'anin jijiyoyin jini. Ƙwaya ba ta rayuwa in ta yi nisa da ƙaramar jijiyar jini fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita, don haka sabon ƙashi ba ya kauri sai jini ya biyo shi. A 2005 Richard Day a Landan ya nuna cewa ƙwayoyin masaƙa na mutum, in suka sami ɗan Bioglass kaɗan, suna fitar da VEGF, sinadarin da ke kiran sababbin jijiyoyi. Masaƙan nan da suke ɗaure kwalba a tafin ƙafa, su ne nan suke kiran jini. Daga nan hanya ta buɗe zuwa ga raunin fata. A garin Rolla na jihar Mizuri, Delbert Day da Steve Jung sun yi gilashin da aka maye silikarsa da sinadarin boron, aka ja shi zare-zare har ya zama kamar auduga. Ana shimfiɗa shi a kan gyambon da ya ƙi warkewa, irin na masu ciwon sukari, ya narke cikin kwanaki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016, ana sayar da shi da sunan Mirragen.

Kanwar da ke iya cutar da ƙwayoyin jiki a kwano ta fi cutar da ƙwayoyin cuta. A birnin Turku na Finlan an ƙera wani nau'i mai silika kashi 53, ana kiransa S53P4, sunansa na kasuwa BonAlive. Idan aka cusa tsakuwarsa a ramin ƙashi, ruwan da ke tsakanin tsakuwoyin yakan yi kanwa ya yi gishiri, har ƙwayoyin cuta su kasa zama, ciki har da wasu da suka gagari magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A wani bincike da Nina Lindfors ta jagoranta, wanda aka buga a 2017, an bi marasa lafiya 116 a ƙasashe shida masu daɗaɗɗen ruɓewar ƙashi. Kusan kashi 90 cikin 100 sun rabu da ciwon. Amma a kowanensu sai da likita ya fara kankare mataccen ƙashi, kuma an haɗa da magani. Wannan ciwo ba baƙonmu ba ne. Muna ganin sa ga yaran da ke fama da sikila, da wanda ya karye a haɗarin babur ƙashi ya fasa fata, aka yi masa ɗori a gida, bayan shekara ƙafar na tsiyayar da ruwa ta wata 'yar kafa da ta ƙi rufewa.

Akwai abin da wannan gilashi bai yi ba, kuma gaskiya ta wajaba a faɗe shi. Bai ba kanar Klinker abin da ya roƙa ba. Gilashi ne, yana fashewa, ba ya ɗaukar nauyin mutum, saboda haka ba a yin ƙashin cinya da shi. Inda ake bukatar ƙarfi, har yau ƙarfe ne. In aka gasa garin 45S5 don a haɗe shi ya zama gini mai ramuka, yakan juye ya zama lu'ulu'u, narkewarsa ta ragu. Amfaninsa na farko a jikin mutum a wuri ne marar nauyi: maye gurbin ƙananan ƙasusuwan cikin kunne, wanda aka amince da shi a Amurka a 1985. A 1993 garinsa ya fito da sunan PerioGlas don cike ramukan ƙashin muƙamuƙi da ciwon dasashi ya ci, daga baya NovaBone don sauran ƙasusuwa. Inda ya fi yaɗuwa kuwa shi ne man goge baki: garinsa mai laushi, da ake kira NovaMin, yana cikin wasu nau'o'in Sensodyne, inda yake toshe ƙananan kafofin haƙori da afatayit don rage tsamin haƙori. Hench ya rasu a Disambar 2015, yana da shekara 77.

Mai karatu, kada wannan babi ya sa kowa ya daka kwalba ya barbaɗa a rauni. Kwalba tana cikin gilashin da jiki ke ɗaurewa, ba ta narkewa, yanka take yi, kuma datti take kaiwa ciki. Idan kuma ƙashi ya karye har ya fasa fata, ko tsohon ɗori yana fitar da ruwa, a kai mai shi asibiti tun ƙashin yana da rai.